Tabon Lamba da Katin Korona: Tarihin Yarda da Ƙin Allurar Rigakafi a Ƙasar Hausa

A ranar 22 ga Disamba, 2021, motar buldoza ta bi ta kan tarin kwalaye a wata bola da ke Gosa, a gefen birnin Abuja, ta niƙe allurar rigakafin korona samfurin AstraZeneca fiye da miliyan ɗaya, aka tura ƙasa aka rufe, a gaban 'yan jarida da shugabannin hukumomin lafiya. Wa'adin allurar ne ya ƙare. Waɗanda suka ga hoton daga nesa sun yanke hukunci nan take, cewa 'yan Najeriya ne suka ƙi rigakafi har ya lalace a hannun gwamnati. Shugaban Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko na lokacin, Dakta Faisal Shu'aib, ya ba da wani bayani dabam: ƙasashe masu arziki ne suka ƙanƙame allurar a rumbunansu, ba su sako ta kyauta ba sai da ya rage 'yan makonni ta tashi daga aiki. Kowace magana daga cikin biyun tana da rabonta na gaskiya, domin an makara wajen kawo allurar, kuma da ta zo ba a yi rububinta ba.

Rabo na biyu shi ne abin da nake son bi a wannan maƙala. Me ya sa mutumin da ke zuwa kemis da ƙafarsa, ya roƙi a yi masa allura domin a ganinsa ƙwaya ba ta ratsa jiki, ya biya kuɗi yana godiya, shi ne kuma ya noƙe hannu da aka kawo masa wata allurar kyauta? Amsar da aka saba bayarwa ita ce jahilci. Ni ban gamsu da ita ba, domin jahilci ba ya bayyana dalilin da ya sa mutum ɗaya yake bin layin allurar sanƙarau tun asuba, sannan ya rufe ƙofa ga masu ɗigon shan inna. Wanda ya yi haka zaɓe yake yi, kuma zaɓen nasa yana da tarihi.

Marisuwa da agana

Korona ba ita ce annobar numfashi ta farko da ta ratsa ƙasar nan ba. A watan Satumba na 1918, ana dab da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya, wata muguwar mura ta sauka a Legas ta jirgin ruwa, ta bi hanyar dogo da ta kogin Kwara ta hauro Arewa. Layin dogon da ya iso Kano a 1911, shi ya zama abin hawanta. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. Tsofaffi sun riƙa kiranta marisuwa, har ta zama abin ƙirga shekarun haihuwa. Babu rigakafinta a wancan zamani, ko a Kano ko a Landan, saboda haka ba ta bar mana darasin karɓa ko ƙi ba. Abin da ta bari shi ne ma'auni: annoba ita ce wadda ake wuni ana jana'iza har masu haƙa kabari su gaji. Da wannan ma'auni aka auna korona bayan shekara ɗari da biyu.

Cutar da ta fara haɗa Bahaushe da allurar hukuma ita ce agana. A nan akwai wani abu da ya kamata ɗalibi ya sani, domin yana rushe zaton cewa tunanin rigakafi baƙo ne da Bature ya zo da shi. Tun kafin Edward Jenner ya yi gwajinsa a Ingila a 1796, al'ummomi da dama na Afirka ta Yamma sun san dabarar tsaga fatar mai lafiya a shafa masa ɗan ruwan ƙurjin mai agana, ya yi ciwo mai sauƙi, ya tsira daga mai tsanani. Wani bawa ɗan Afirka da aka laƙaba wa suna Onesimus shi ya bayyana wa ubangidansa, malamin coci Cotton Mather, wannan dabara a birnin Boston na Amurka. Da agana ta ɓarke a birnin a 1721, Mather ya matsa aka gwada, kuma waɗanda aka yi wa sun fi tsira nesa ba kusa ba. Amma mutanen gari suka yi masa ca, har wani ya jefa bam ta tagar gidansa. Daga cikin hujjojin masu adawa har da cewa ilimi ne da ya fito daga bakin bayi baƙaƙe, kuma wa ya sani ko makirci ne na hallaka iyayen gijinsu. Ke nan zargin wanda ya kawo magani ya girme mu, kuma ba shi da ƙabila.

A zamanin mulkin mallaka, rigakafin agana ya shigo da sunan lamba, kuma ya shigo ne da rakiyar iko. Ma'aikacin En'e ne ke yi, dogari na tsaye, duba-gari na leƙa randa da bayan gida, kuma ikon da ya aiko su shi ne ke aiko mai karɓar haraji da jangali da mai ɗibar mutane aikin tilas. Ga shi kuma ruwan maganin ba ya jure zafi, sau da yawa yakan mutu a hanya kafin a kai shi ƙauye, sai a tsaga wa yaro hannu ya yi gyambo, bayan shekara agana ta kama shi. Ina laifin uwar da ta ɓoye ɗanta a rumbu? Abin ya canja ne daga 1967, lokacin da aka ƙaddamar da gagarumin shirin kawar da agana a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da busasshen magani mai jure zafi da na'urar allura mai kama da bindiga. Zuwa 1970 an ga mai agana na ƙarshe a Najeriya, a 1980 kuma aka shelanta ƙarewarta a duniya. Kakata tana da tabon lamba a damtsenta na hagu, kuma ba ta taɓa ambatonsa da ɓacin rai ba, domin ta san makafi da masu zanen fuska da cutar ta bari a garinsu, ta kuma ga ranar da aka daina samun sababbi. Gani ya kori ji. Wannan yarda ce aka gada, ita aka ci gaba da ci a shekarun 1980 lokacin shirin rigakafin yara, har zuwa ranar da aka zubar da ita.

Abin da ya faru a 1996

A farkon 1996 sanƙarau ya afka wa Arewacin Najeriya da ƙarfin da ba a saba gani ba. Fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, ga ƙyanda da kwalara sun taho tare da shi. Ana cikin wannan hali kamfanin magunguna na Pfizer ya turo tawaga Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa da ke Kano, domin gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara 200. Kusan rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani domin kwatance. Yara 11 suka rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar gaɓɓai. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta tafi, annoba na ci gaba da ci.

Wajibi ne a faɗi gaskiya a nan ta kowane ɓangare. Trovan maganin warkarwa ne, ba allurar rigakafi ba. Sanƙarau da kansa yana kisa, yana kuma bar wa yaro irin waɗannan nakasu, kuma kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, bai amsa laifi ba. Sai dai iyaye sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, kuma takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna ta tabbata an rubuta ta ne bayan an gama aikin, aka mayar da kwanan wata baya. Jaridar Washington Post ce ta tone maganar a Disamba 2000. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75, iyalai huɗu na farko kuma ba su karɓi diyya ba sai a 2011, shekara goma sha biyar bayan rasuwar 'ya'yansu.

Talaka ba ya bambance maganin warkarwa da na rigakafi, kuma ba na ganin an yi masa adalci idan aka ce lallai sai ya bambance. Abin da ya riƙe shi ne, baƙi sun zo da farar riga a ranar tsanani, sun ce taimako suka kawo, ashe da wata a ƙasa, kuma hukumomin ƙasarsa da ya kamata su tsare shi suna kallo. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ganina duk wata jita-jita da aka yaɗa daga baya a kan allura, da wannan gaskiya guda ɗaya ta riƙa yin jari.

Shekarar da aka rufe ƙofa

Ina cikin yaran da aka daina ɗiga wa maganin shan inna a 2003. A tsakiyar shekarar ne Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Najeriya, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Datti Ahmad, wanda shi kansa likita ne, ta yi kira da a dakatar da rigakafin, bisa zargin an gurɓata shi da sinadarin hana haihuwa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar. Sauran suka dawo bayan ɗan lokaci, amma Kano, ƙarƙashin Gwamna Ibrahim Shekarau, ta tsaya kusan shekara guda.

Mai karatu ya tuna wace irin shekara ce wannan. A watan Maris Amurka ta mamaye Iraƙi, bayan ta shiga Afganistan, kuma mutanen Arewa masu kwana da rediyo a kunne suna bin labarin kullum. Ba a manta da manufar ƙayyade iyali ta gwamnatin Babangida ta 1988 ba, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Labarin Pfizer bai wuce shekara uku da fitowa fili ba. A kan wannan duka akwai wata tambaya da magidanta suka riƙa yi, wadda ni a wurina ta fi duk zarge-zargen nauyi. Yaro na fama da zazzaɓin cizon sauro, a je asibiti a ce babu magani, a rubuto takarda a je a saya. Mace na naƙuda, sai an kawo safar hannu da reza daga gida. Ƙyanda na ɗauke yara a unguwa kowace bazara. To, me ya sa wannan cuta ɗaya, wadda ba kowa ya taɓa ganin ta kama ɗansa ba, ita ake biyo mutum da maganinta har ɗaka, kyauta, sau da yawa a shekara, a rubuta alli a bangonsa, a shafa wa yaro tawada a farce? Amsar tana nan, kuma mai ƙarfi ce: shan inna cuta ce da za a iya share ta daga doron ƙasa kamar agana, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an kai ga kusan kowane yaro. Amma wa ya zauna ya yi wa magidanci wannan bayani? An aiko masa da 'yan mata ɗauke da akwatin sanyi, an ba su adadin da za su cika kafin azahar.

Fahimtar dalilin mutane ba ta wanke sakamakon abin da suka yi ba. Gwaje-gwajen da gwamnatin tarayya ta sa aka yi, a gida da waje, sun wanke maganin. Yaran da shan inna ya kama a Najeriya sun tashi daga 202 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006, kuma ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen ashirin da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Nijar da Chadi da Sudan har Yaman da Indonesiya. Kano ta koma rigakafi a ƙarshen Yuli 2004, bayan an samo maganin daga kamfanin Bio Farma na Indonesiya, ƙasar Musulmi. Abin takaici, ita Indonesiyar ce cutar da ta samo asali daga nan ta je ta gurgunta wa ɗaruruwan yara a 2005. Wasu daga cikin sa'o'ina da ke tura keken guragu a bakin danja yau, a waɗannan shekaru suka rasa ƙafafunsu. Shugabannin da suka ɗauki zargi suka mayar da shi hukuncin gwamnati suna da alhaki a kan haka, kuma ban ga dalilin sassauta wannan magana ba.

Ƙarya kuma ta sake samun gaskiyar da za ta jingina da ita a 2011, lokacin da aka gano hukumar leƙen asirin Amurka ta shirya rigakafin bogi a Abbottabad ta Pakistan domin farautar Usama bin Ladan. A ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka harbe mata tara masu aikin rigakafi a wurare biyu a cikin Kano.

Yadda aka fita daga wannan rami shi ne ɓangaren tarihin da aka fi mantawa. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da abubuwan da mutane ke so: gidan sauro, sabulu, maganin tsutsar ciki, allurar ƙyanda. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. Aka ɗauki dubban matan unguwa, waɗanda ake haɗuwa da su a gidan suna da gidan biki, suka zama masu shiga gida gida. Waɗanda cutar ta nakasa su ma suka fito suna nuna wa iyaye ƙafafunsu. Da ɗan gari akan ci gari. Kano ta ga mai shan inna na ƙarshe a Yuli 2014, Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020, aka shelanta cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Bikin bai yi armashi ba, domin a lokacin wata annobar ta riga ta rufe makarantu da kasuwanni.

Babu korona

An tabbatar da korona a Najeriya a ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Waɗanda aka fara jin sunansu a Arewa manya ne masu hawa jirgin sama: Gwamna Bala Muhammad na Bauchi, Gwamna Nasir El-Rufa'i na Kaduna, da Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, Abba Kyari, wanda ya rasu a ranar 17 ga Afrilu. Nan da nan aka yi mata laƙabi da cutar masu kuɗi. A farkon wannan wata na Afrilu kuma wasu likitoci biyu a Faransa suka yi hira a talabijin suna shawarar a gwada wata allura a Afirka, tunda a can babu takunkumin fuska, babu ɗakunan jinya na musamman. Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya yi tir da maganar, ya kira ta ragowar tunanin mulkin mallaka, amma bidiyon ya riga ya zaga wayoyi. Ba a ƙirƙiro rigakafin korona ba tukuna, an riga an shafa masa baƙin fenti.

Daga nan sai Kano ta shiga wani hali mai ban tsoro. A tsakiyar Afrilu, ana shirin shiga azumi, masu haƙa kabari suka fara cewa gawawwakin da ake kawowa sun ninka na kullum. Dattawa, malaman jami'a, tsofaffin ma'aikata, sarakai, kusan kowace safiya da sanarwar rasuwa. Gwamnatin jiha ta fara da cewa hawan jini ne da ciwon suga da zazzaɓi da sanƙarau. Ɗakin gwajin da ke jihar ya tsaya da aiki na kwanaki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, asibitoci masu zaman kansu da yawa sun rufe don tsoro. A ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sa dokar kulle ta mako biyu a jihar. Sai a watan Yuni Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce ta jawo su.

A nan ne nake ganin aka yi asarar dama mafi girma. Wannan ne kaɗai lokacin da cutar ta kusa cika ma'aunin marisuwa a idon jama'a, kuma a lokacin ne hukuma ta ce musu ba ita ba ce. Bayan wata goma sha ɗaya ita wannan hukuma ta dawo tana roƙonsu su karɓi rigakafin cutar da ta ce ba ita ta kashe iyayensu ba.

Sauran abubuwan da talaka ya gani duk sun ƙara masa shakka. Ya ga an rufe masallacin Juma'a da kasuwa, an hana shi fita neman abin buɗa baki, alhali manya sun yi cincirindo a jana'izar Abba Kyari. Ya ga waɗanda aka killace a Gombe sun fito kan titi da ƙarfinsu suna zanga-zangar rashin kulawa, sai ya ce ina ciwon yake, domin ba a taɓa fahimtar da shi cewa mutum na iya ɗauke da ƙwayar cuta yana yaɗa ta ba tare da ya kwanta ba. Ya ga an loda almajirai a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu. A Oktoba, bayan zanga-zangar EndSARS, ya ga an fasa rumbuna a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, an fito da buhunan tallafin korona da aka ce an tanada dominsa, shi kuwa bai gani ba a ranar da yake kulle da yunwa. Taken “babu korona” da matasa suka riƙa yi a filin ƙwallo kuskure ne ta fuskar likitanci, kuma ya jawo asarar rayuka. Amma a bakin mutane da yawa, ma'anarsa ita ce akwai masu ci da sunan cutar, kuma wannan ba su yi ƙarya ba.

Ba addini ne ya haifar da wannan ba, ko da yake an ari bakinsa. Malamai da dama sun tunatar da umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka, da yadda Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham a lokacin annobar Amwas. Masu musu kuma sun fito daga kowane ɓangare. Fasto Chris Oyakhilome ya danganta cutar da fasahar sadarwa ta 5G. Gwamna Yahaya Bello na Kogi ya gaya wa taron jama'a a Janairu 2021 cewa allurar ta kisa ce, ya kuma kafa hujja da Pfizer da Kano. Shugaba John Magufuli na Tanzaniya ya ƙi karɓar allurar ga ƙasarsa baki ɗaya. A biranen Turai da Amurka, inda kowa ya yi makaranta, dubbai sun yi zanga-zangar ƙin ta.

Da allurar ta iso

Kashin farko ya sauka a Abuja a ranar 2 ga Maris, 2021, kusan allura miliyan 4 ta shirin COVAX, ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. A ranar 5 ga wata aka fara da wani likita, Dakta Cyprian Ngong, a Babban Asibitin Ƙasa, washegari aka yi wa Shugaba Buhari a gaban kyamara. Ba a yi mako biyu ba Jamus da Faransa da Italiya suka dakatar da irin wannan allura ta AstraZeneca saboda rahoton daskarewar jini. Matsalar gaskiya ce, amma ba ta samun ko mutum ɗaya a cikin dubbai masu yawa, kuma ƙasashen sun koma amfani da allurar bayan 'yan kwanaki. Labarin dakatarwa ya iso kowace majalisa da teburin mai shayi, labarin komawa bai iso ba. Daga nan Indiya, inda ake sarrafa ta, ta hana fitar da ita saboda annobar ta rincaɓe mata, aka shiga watanni na ƙamfa. Sai jita-jita ta cike gurbin: wai cokali na mannewa a inda aka yi allurar, wai akwai na'urar bibiya a ciki, wai duk wanda ya karɓa ba zai wuce shekara biyu ba, wai tana kashe mazakuta da mahaifa. Wannan ta ƙarshe tsohuwar rigar 2003 ce aka wanke aka sake sawa.

Na lura a unguwarmu cewa masu ƙi da gaske, waɗanda ko da wuƙa a wuya ba za su miƙa hannu ba, 'yan kaɗan ne. Mafi yawa cewa suke yi bari mu gani tukuna. Lissafinsu kuwa ba na wauta ba ne. Adadin waɗanda hukuma ta tabbatar korona ta kashe a Najeriya bai wuce 3,200 ba a tsawon shekara uku, ko da yake ƙarancin gwaji ya ɓoye wasu da yawa, kamar yadda Kano ta nuna. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana kashe fiye da 180,000 a shekara guda. Ɗan acaɓa ko mai tura baro da aka ce allurar na iya kwantar da shi kwana ɗaya ko biyu da zazzaɓi da ciwon hannu, ya san abin da kwana biyu babu fita ke nufi ga tukunyar gidansa. Inda lissafin ya karkace shi ne wajen tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini, waɗanda allurar ke tsarewa daga mutuwa ƙwarai da gaske, kuma su ne irin mutanen da aka yi ta binnewa a Afrilu 2020.

Abin da ya motsa mutane daga baya bai da alaƙa sosai da tsoron cuta. Daga 1 ga Disamba, 2021, gwamnatin tarayya ta ce ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da katin rigakafi ko takardar gwaji. Sannan ga aikin Hajji. Bayan shekara biyu babu maniyyaci daga waje, Saudiyya ta buɗe ƙofa a 2022, ta ba Najeriya kujera 43,008, da sharaɗin cikakken rigakafi da shekarun da ba su kai 65 ba. Ban ji an yi gardama ba. Dama alhazanmu sun daɗe da sabawa da allurar sanƙarau da ta shawara kafin tafiya, kuma a shekarun shan inna Saudiyya ta riƙa ɗiga wa duk wanda ya fito daga Najeriya maganin, komai furfurarsa, a filin jirgi. Dattijon da ya kori masu ɗigo daga ƙofar gidansa ya buɗe baki a Jidda ba tare da musu ba, domin a can ya yarda da mai bayarwa, kuma yana son abin da ke bayan ƙofar. Tilas kuma tana da nata 'ya'yan, domin a lokacin ne kasuwar katin bogi ta buɗe, har hukumar da kanta ta riƙa gargaɗin ma'aikatan da ke sayar da kati babu allura.

Akwai wani abu da masu yi wa Arewa kallon matattarar ƙin rigakafi ba su cika ambata ba. A jadawalin da hukumar ta riƙa fitarwa a 2022, jihohin Nasarawa da Jigawa da Kano suna sahun gaba wajen yawan waɗanda aka yi wa allurar korona, sun sha gaban jihohi da dama na Kudu. Ko an rage wani abu saboda katin bogi da son burge Abuja, saura mai yawa ne, kuma dalilinsa a fili yake: hakimai da dagatai da masu unguwanni da matan nan masu shiga gida gida, waɗanda aka yi shekara goma sha biyar ana horarwa a yaƙin shan inna, su aka juya wa wannan aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a ranar 5 ga Mayu, 2023. Kafin wannan rana wata cutar ta riga ta shigo ta ƙofar baya. A shekarun kulle da ruɗani, iyaye mata da yawa sun daina kai jarirai awo da rigakafi, wasu don asibiti ya rufe, wasu don tsoron kada a fake a yi wa yaro ta korona, kuma wannan ya ƙaru ne a kan giɓin da dama yake nan, domin Najeriya na da yara fiye da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu allurar ko ɗaya ba. Daga ƙarshen 2022 cutar mashaƙo, mai toshe maƙogwaron yaro har numfashi ya gagara, ta ɓarke, kuma Kano ce ta ɗauki kaso mafi girma. Dubbai suka kamu, ɗaruruwa suka rasu, akasarinsu yaran da ba su sami cikakken rigakafi ba. A wannan karo iyaye sun ga cutar a wuyan 'ya'yan maƙwabta, kuma da kansu suka riƙa cika harabar asibitocin unguwa suna tambayar allura. Rigakafin mashaƙo ya kai kimanin shekara ɗari a duniya, kuma yana cikin allurar da ake yi wa jariri kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa.